Hutun damina a ƙauyen Lagdo: yadda muka bi daga Yawunde har bakin gona

Tun da muka dawo daga arewacin Kamaru, duk wanda ya gamu da ni a unguwa ko a kasuwa tambayarsa ɗaya ce: yaya kuka yi kuka kwashi mata da yara daga Yawunde kuka kai su ƙauye da tsakar damina, kuma nawa tafiyar ta ci? Shi ya sa na ga gara in rubuta komai daki-daki, don mu da za mu tafi ba mu sami mai yi mana bayani a jere ba. Kowa guntun abin da ya sani yake faɗa, wani ma labarinsa ya tsufa. Mu abokai ne da muka taso tare a unguwar Briketeri ta Yawunde, yawancinmu 'yan kasuwa, 'ya'yanmu kuwa duk haihuwar birni ne. Akwai wanda ya isa shiga sakandare bai taɓa ganin gyaɗa a jikin saiwarta ba. Ɗaya daga cikinmu yana da kawu a wani ƙauye na yankin Lagdo, kudu da Garwa, Bahaushe ne da ya je can yana saurayi bayan an datse kogin Binuwai, ya fara da fataucin kifi, daga baya ya kama noma ya zauna. Wurinsa muka nufa.

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci, kuma a nan mafi yawan mutanen birni suke ruɗewa. Makarantu a Kamaru suna rufewa a watan Yuni su buɗe a farkon Satumba, don haka mu Yuli muka sa a rai. Da abokinmu ya buga wa Kawu waya sai ya ce masa, "Ɗana, gida naku ne ko yau kuka zo. Amma in ganye kuke so ku taho yanzu, in kuwa masara da gyaɗa kuke so yaran nan su ci, ku bari sai Agusta ta doshi ƙarshe." Dalilin a fili yake. A yankin Binuwai ruwa yana zama ne daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, lokacin ake shuka, masara mai saurin nuna kuwa tana son kusan wata uku, gyaɗa ma haka ko fiye. Wanda ya je a Yuli zai ga gona kore shar amma babu abin karya. Akwai kuma abin da Kawu bai faɗa ba saboda kara, sai abokinmu ne ya fito mana da shi: Yuli da Agusta su ne watannin da rumbu yake ƙasa. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana bai iso ba, ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi a taki da ƙwadago. Wannan maganar ita ta sauya mana tsarin tafiyar gaba ɗaya. Muka tsayar da rana a kashin ƙarshe na Agusta, muka kuma yanke cewa tuwon da za mu ci da hatsinmu za a tuƙa shi.

Daga nan sai takardu. Kowane babba dole ya riƙe katin ɗan ƙasa wanda wa'adinsa bai ƙare ba, mai takardar jiran kati kuma ya duba kwanan watan da ke jikinta. Ɗaya daga cikin matan katinta ya mutu, sai ta bi sabon tsarin da aka fara a 2025: a cika bayanai ta intanet, a biya sefa 10,000 ta waya, a zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu. Duk da an ce yana sauri, a fara shi tun da wuri, don samun rana a lokacin hutu sai an yi haƙuri. Yara kuwa takardar haihuwa muka ɗaukar musu, muka yi kwafi, ta asali ta zauna a jaka, kwafin a aljihu. Wadda ta fi ɗaure mana kai ita ce ta ɗan ƙanwar abokinmu da za mu tafi da shi ba tare da iyayensa ba. Wani ya ce ba a buƙatar komai, wani ya ce sai an je kotu. Ga abin da aka yi a ƙarshe: mahaifin yaron ya rubuta takardar amincewa da Faransanci, da sunan yaron, da sunan wanda zai riƙe shi, da garin da za a je da kwanakin tafiya, ya haɗa da kwafin katinsa da na takardar haihuwar, ya sayi tambur, wato kan sarkin gwamnati, na sefa 1,500, ya je kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, da kansa ya sa hannu a gabansu aka buga hatimi. Ya shiga da hantsi, aka ce ya dawo bayan azahar, da ya koma ya tarar an gama. Shi uban ne zai je, ba a aike.

Maganar lafiya ba ta ɗauki lokaci ba. Ma'aikaciyar jinyar da muka tuntuɓa ta ce Agusta da Satumba su ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro a arewa, kowace shimfiɗa ta sami gidan sauro nata, kuma duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwaji a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Muka sayi gidajen sauro fiye da adadinmu da niyyar barin su a can, da gishirin zawo na haɗawa da ruwa, da maganin zafin jiki na yara, da takalman roba. Katin rigakafin ƙananan ma mun sa a jaka, kuma ya yi rana.

Tikitin jirgin ƙasa mu muka je tasha da kanmu muka saya kwanaki kafin tafiya, da katin kowane babba a hannu, don da suna ake yankawa. A lokacin gado a ɗaki mai gado biyu sefa 28,000 ne, a mai gado huɗu 25,000, kujerar aji na ɗaya 17,000, aji na biyu 10,000. Shawarar da zan ba mai iyali ita ce ya sayi gadaje huɗun ɗaki ɗaya gaba ɗaya ya ba mata da ƙananan yara, in ba haka ba za a iya haɗa su da baƙon da ba su sani ba. Mu maza da manyan yara kujera muka zauna. Jirgin da yamma yake tashi, ya kwana yana tafiya ta Nanga Eboko da Belabo, gari ya waye masa a tudun Adamawa. Layin ya haura kilomita 600, kuma tun 1974 ya isa Ngaundare, nan ya tsaya bai ƙara gaba ba. A tashoshin hanya mata da yara suna zuwa bakin taga da ayaba da rogo da dafaffen ƙwai, wajen Ngaundal kuma zuma. A riƙe buta da ruwan alwala, a kuma fito da rigunan sanyin yara tun da dare, don asubahin Adamawa da damina sanyi gare shi na gaske. Kada kuma a ƙulla wani alkawari mai ƙayyadadden lokaci a ranar isa. Jirgi ya kan shiga da hantsi, wata rana ya haura haka.

A bakin tashar Ngaundare motocin kamfanonin sufuri suna jiran fasinjan jirgi, kana fita masu kira za su yanyame ka. Mun ware mutum ɗaya ya tsaya kan kaya da iyali, biyu suka je suka yanki tikitin Garwa, nan ma da kati, don ana rubuta sunan kowa a takardar fasinja. Tafiyar ta kusa kilomita 280. Ba a daɗe da barin gari ba ake fara gangaren dutsen nan mai lanƙwasa da kowa ya san labarinsa, inda manyan motoci suke saukowa a hankali, wasu kuma an bar su a gefe. Nan mota ta yi tsit, kowa yana addu'a a ransa. Da an sauka ƙasa sai iska ta sauya, zafi ya karɓe ka, a wuce Mbe, a bi gefen gandun dajin Binuwai inda yara suka ga gwaggon biri zaune a bakin kwalta. Shingayen jandarma da 'yan sanda suna da yawa. A wasu jami'i ne zai shigo ya duba, a wasu kowa zai sauka ya nuna katinsa ya taka da ƙafa zuwa gaban shingen. A ɗaya daga cikinsu aka ƙirga yara aka tambayi na wane ne wannan, abokinmu ya miƙa takardar kwamisariyar nan, jandarman ya karanta ya mayar masa, ya ce a wuce. Da babu ita da mun sha tsayuwa, kuma direba ba lalle ya jira ba.

Nan ga wani abin da ya raba mana hankali tun a Yawunde: a sauka a Ngong ne ko a zarce Garwa? Hanyar Lagdo a wajejen Ngong take rabuwa da babbar hanya, kafin a kai Garwa, don haka mai tafiya shi kaɗai da 'yar jakarsa, in ya isa da rana, zai iya sauka nan, muddin ya gaya wa masu lodi tun a Ngaundare su sa kayansa a baki-baki. Mai iyali kuwa ya zarce Garwa ya kwana. Mu haka muka yi, a gidan wani ɗan'uwa, kuma kwanan nan ya yi mana amfani. A Garwa muka cire kuɗin da ke waya, don masu Orange Money da MTN na ƙauye sau da yawa ba su da tsabar da za su ba ka mai yawa, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Muka nemi canji, 'yan ɗari biyar-biyar da dubu-dubu da silalla, saboda Bafillatanar da ta kawo nono ba za ta iya fasa maka takardar dubu goma ba. Muka sayi shinkafa, sukari, ganyen shayi, man gyaɗa, gishiri, sabulu, batir na tocila, goro mai kyau, da atamfa ga matan gida. Buhun masara da na dawa kuwa a Ngong muka saya, don mun daidaita tafiyar ta faɗo ranar Litinin, ranar kasuwar garin, wadda babbar kasuwar hatsi da gyaɗa ce a yankin. Farashin da muka tarar ya fi na kaka nesa ba kusa ba. A nan na ƙara gane nauyin da za mu ɗora wa Kawu da mun je masa hannu rabbana.

Daga Garwa shatar mota muka yi. A yi ciniki a fili tun kafin a hau: kuɗin mai, da sefa 500 na kuɗin hanya a shingen biya, da inda motar za ta tsaya, wa zai ɗauka. Kwalta ta kai mu wani wuri, daga nan sai jar ƙasa, daga nan sai laka. Daren jiya an yi ruwa, wani rafi da Kawu ya ce da rani yara suna wasa a cikin yashinsa ya cika ya batse. Direba ya kashe mota ya ce ba zai shiga ba, kuma gaskiyarsa. Muka zauna ƙarƙashin wata tsamiya tare da masu babura da matan da suka dawo daga kasuwa, ana kallon wani kara da aka kafa a bakin ruwa don a ga yadda yake ja da baya. Yara suka fara ƙorafin yunwa, matan suka yi shiru irin shirun da ka san akwai magana a bayansa, ni ma a raina na fara tunanin ko mun ɗauko abin da ya fi ƙarfinmu. Irin wannan ruwan na gangare ne, in sama ta ɗauke yakan sauka cikin 'yan sa'o'i, amma yakan tafi da wanda ya yi gaggawa. Wajen la'asar ya dawo gwiwa, samarin ƙauyen suka zo da amalanken shanu da Kawu ya turo, aka ɗora buhuna da yara, mu muka naɗe wando muka bi su. Saboda haka a fita Garwa da sassafe, don ko rafi ya tsare ka ka shiga gari da sauran rana.

Ba mu huta ba sai da Kawu ya ce, "Ku wanke ƙafa mu je mu gai da Jauro, baƙo ba ya kwana ba a san da shi ba." A wannan yankin jauro shi ne mai gari, sama da shi lawan, sama da lawan lamiɗo. Muka riƙe goro da sukari da shayi, muka tuɓe takalma a bakin zaure. Da Fillanci aka yi gaisuwa, don shi ne harshen kasuwa da na fada a nan, Kawu yana mayar mana da Hausa, ko da yake Jauron yana jin Hausar sarai. Ya tambayi daga ina muke, mu nawa ne, yaushe za mu koma, wani saurayi ya rubuta sunayenmu a littafi. Sannan ya sa aka kira shugaban 'yan sintirin gari ya gan mu ido da ido. Ya ce mu sake jiki, amma kada mu wuce gonakin da ke bayan dutse ba tare da ɗan gari ba, kowa ya dawo gida kafin magariba, kuma kada mu riƙa yawo muna ɗaga manyan wayoyi muna faɗin sana'armu ga duk wanda ya tambaya. Ba sisi aka karɓa. Satar mutane don kuɗin fansa gaskiya ce a wasu sassan jihar Arewa, musamman can wajen iyakar Chadi da Afirka ta Tsakiya, kuma halin da ake ciki yana bambanta daga ƙauye zuwa ƙauye. Mai masaukinka da jauronsa su za su gaya maka gaskiyar wurinsu, ba Facebook ba. Da ɗan gari kan ci gari.

To, sai abin da ya kai mu. Da sassafe Goggo, uwargidan Kawu, take dama kunun gyaɗa da tsamiya, kafin a gama sha matan Fulani sun iso da ƙwarya a ka, kindirmo mai kauri da man shanu a dunƙule yana iyo a ciki. Da damina ciyawa ta wadata, nono yana da yawa kuma da araha. Daga nan a bi Kawu gona. Shi ya koya wa yaran yadda ake gane masarar da ta isa gashi: gemunta ya bushe ya yi duhu, in ka ɗan ɓare ka danna ƙwaya da farce sai farin ruwa ya fito. A nan bakin gona ake hura wuta da karan bara, a gasa ta cikin mintunan da aka karye ta. Wanda bai ci masara haka ba bai san zaƙinta ba, don da ta kwana zaƙin yake fara komawa gari, ta Yawunde kuwa kafin ta iso hannunka ta yi kwanaki a mota. Gyaɗa da hannu ake tuge ta in ƙasa tana da laima, a kakkaɓe, a tsinke, a dafa da gishiri a ci da ɗuminta. Yaron nan da bai taɓa ganin ta a saiwa ba, da ya tuge gindi ɗaya ya ga 'ya'ya reto-reto, ihu ya yi ya ruga yana kiran uwarsa ta zo ta gani.

Miya kuwa kullum da irin tata, kuma ba a taɓa zuwa kasuwa dominta ba. Yau yakuwa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, mai ɗan tsami da ke sa ka ƙara loma, gobe ɗanyar kuɓewa da aka tsinko da safe, ƙanana masu taushi waɗanda wuƙa ba ta jin su, jibi lalo ko tafasa. Tafasar nan da muke wucewa a bakin hanya muna ce mata ciyawa, Goggo ta tsinko sabon toho ta dafa ta matse, ta haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono, aka yi kwaɗon da manya suka riƙa wawaso. Zogale yana bayan ɗaki. Yalo yara suke tsinka su ci a tsaye. Zabi da damina suke ƙwai, kuma a cikin ciyawa suke ɓoye shi, neman gurbinsu ya zama aikin yaranmu da 'ya'yan gidan kowace hantsi. Matanmu ba su zauna a kai musu ba, sun shiga madafa, sun yi surfe, sun koyi tuƙa tuwon dawa a babbar tukunya da ɗanyen itacen da ke hayaƙi, kuma ta nan zumunci ya ƙullu tsakaninsu da matan gidan fiye da duk wata tsaraba. Mu maza mun shiga gayyar noman wani maƙwabci, kuma tun daga ranar gaisuwar da ake mana a gari ta sauya. Da dare a shimfiɗa tabarma a zaure, a dafa shayi, Kawu ya kawo labarin yadda ruwa ya cinye tsofaffin ƙauyuka da aka rufe madatsa, da yadda masunta suka riƙa zuwa daga Nijeriya da Chadi da Mali.

Abu biyu ne Kawu ya tsawatar a kansu, kuma ina so mai karatu ya riƙe su. Gonaki a nan ba su da shinge, iyaka wani lokaci layin yakuwa ne ko gindin bishiya, don haka yaro zai iya karya masarar maƙwabci yana ganin ta Kawu ce. Kada a taɓa komai sai an nuna. Na biyu ya fi haɗari: yankin na auduga ne, kamfanin SODECOTON da ke da hedikwata a Garwa shi yake sayen ta, kuma da damina ana yi mata feshin maganin ƙwari a kai a kai. Ganyen da ya tsiro a cikin gonar auduga ko a gefenta ba na miya ba ne, komai kyansa.

Kifi ne kaɗai abin da muka sa rai ba mu samu yadda muke zato ba. Wa zai ce za ka je Lagdo ka rasa ɗanyen giwan ruwa? Ashe daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba ana rufe kamun kifi a tafkin madatsar Lagdo don kifi ya hayayyafa, jiragen masunta suna ɗaure a baki. Busasshiyar tarwaɗa da ƙarfasa muka ci a miya, kuma na ga dacewar dokar, don Kawu da kansa ya ce kifin yanzu bai kama ƙafar na zamanin da ya zo ba. In wani ya zo maka da ɗanye a ɓoye, ka bar masa kayansa. Mun dai je mun ga madatsar, wadda 'yan Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982, mai injuna huɗu da ƙarfin megawat 72, ita ce ta daɗe tana riƙe da wutar arewacin ƙasar. Akwai masu tsaro, a nemi izini kafin a ɗaga waya. A ƙasanta akwai gonakin shinkafa na ban-ruwa a Gunugu. Yara sun so shiga ruwa muka hana, saboda tsargiya tana cikin irin wannan ruwan kwance, ga dorina. Ruwan sha kuwa na famfon burtsatse kawai muka yarda da shi, na rijiya sai an tafasa.

Duk da gidan sauro, wata 'yar shekara uku a cikinmu ta tashi da zazzaɓi. Da asuba aka ɗauke ta a babur zuwa ƙaramin asibitin da ke garin gaba. Aka sayi ɗan littafin asibiti na 'yan ɗaruruwan sefa, aka duba katin rigakafinta, aka auna nauyinta, aka tsaga yatsa, cikin ɗan lokaci gwaji ya nuna zazzaɓin sauro ne. Tun 2011 gwamnati ta ce maganin wanda bai yi tsanani ba kyauta ne ga 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ba a karɓi kuɗinsa a hannunmu ba. Layi akwai shi, mata da goyo har waje, sai wajen azahar suka dawo. Ma'aikacin ya gaya wa uwar cewa a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa ana bin gida-gida kowane wata na damina ana ba ƙananan yara maganin kariya, duk baƙon da ya zo da ƙaramin yaro ya tambayi masu rabon ko nasa ya cancanta. Yarinyar ta warware ta koma bin zabi.

Maganar kuɗi tsakaninka da mai masauki ita ce mafi laushi a duk tafiyar. Kawu ba zai taɓa karɓar kuɗin abinci ba, in ka miƙa masa ma ka ɓata masa rai. Abin da ya yi mana aiki shi ne buhunan nan da muka shigo da su aka kai rumbu ba tare da dogon bayani ba, sai kuɗin cefane da matar abokinmu take ba Goggo a ɗaka, tsakaninsu. Kaji da zabin da aka yanka mana mun lura da su, kafin mu tafi muka sayi tunkiya mai ciki muka ɗaure a gidan da sunan yara. Wanda ya kawo itace, da yaran da suka yi ta jido ruwa, kowa ya sami nasa a hannunsa. Masarar da aka karya mana ɗanya, da an bar ta ta bushe hatsin gidan ce ta baɗi, kowace zangarniya da muka gasa an rage ta ne daga rumbu. Mutanen ƙauye ba za su faɗa maka wannan ba har abada, kai ne za ka yi lissafinsa. In ka haɗa duka, sufuri ne ya fi cin kuɗi, sai hatsi da tsaraba, abin da muka kashe a cikin ƙauyen kansa kaɗan ne.

Komawa tana da nata shiri. Ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba kowa yana gangarawa kudu saboda buɗe makarantu, gadajen jirgi suna ƙarewa da wuri, don haka tun ranar da muka sauka a Ngaundare muka tambayi yadda ake kama wurin dawowa, muka bar wa wani ɗan'uwa a garin kwafin katunanmu da kuɗi. Mun koma mun yi wa Jauro sallama aka soke sunayenmu a littafi. Tsarabar gona a zaɓa da hankali: ɗanyar gyaɗa in ta kwana biyu a ɗaure cikin buhun leda za ta yi fumfuna, a sa ta a buhun algarara a baza ta da an isa. Ɗanyar masara ba ta jure tafiyar. Abin da ya iso lafiya shi ne busasshiyar kuɓewa da yakuwa da zogalen da Goggo ta shanya a inuwa, da man shanu soyayye a kwalba. Kafin mu hau amalanke mun yi magana da Kawu cewa a watan Mayu mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu turo kuɗin iri da taki da na ƙwadago a noma mana wani yanki a gefen gonarsa, rabi masara rabi gyaɗa, abin da muka ci ɗanye namu, abin da ya bushe na gida. Ya ce kuɗin su iso kafin ruwan farko, don taki yana tsada da zarar an fara shuka.